Na'urar shokwef da yaron da ke tafiya a kan yatsu

"Assalamu alaikum likita. Ni Bahaushiya ce, muna zaune a Makka wajen Shara Mansur. Ɗana shekararsa 6, bakwaini aka haife shi, daga baya suka ce yana da shalal dimagi, wato lalurar gaɓoɓi da raunin ƙwaƙwalwa ke kawowa. Yana tafiya amma a kan yatsu, diddigensa ba ya taɓa ƙasa, in ya yi sauri ƙafafun har harɗewa suke yi ya faɗi. Maƙwabciyarmu ta ce a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a Jidda akwai na'ura wai ita shokwef, tana sassauta jijiya ba allura ba tiyata. Mun kira, sun ce mu biya kuɗin jalsa 10, wato zama goma, a dunƙule. Babansa direba ne, ta'amin ɗinmu, wato inshorar lafiya, ba ya ɗaukar wannan. Don Allah da gaske tana warkarwa? Kuma ba ta da illa ga yaro?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyarsa. Ni aikina gashin ƙashi ne, abin da a nan ake kira ilajul ɗabi'i, kuma yawancin waɗanda nake gani a Jidda yara ne irin naki. Tambayarki biyu ce a fili, ko tana warkarwa da ko tana cutarwa, amma akwai ta uku da ke ƙarƙashi, wadda ita ce ta fi ci miki tuwo a ƙwarya: shin ya dace a zuba kuɗin da Baban yaro ya sha wuya ya tara a kan wannan na'ura? Amsar a taƙaice ita ce shokwef ba ta warkar da shalal dimagi, tana dai sassauta tsoka na wasu makonni a wasu yaran, kuma amfaninta ya rataya ne a kan irin taurin da ke ƙafar ɗanki da abin da za a yi a cikin waɗannan makonnin. Bari in warware miki.

Inda ciwon yake da inda ake ganinsa

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga abubuwa uku: wadda jini ke bi, wadda saƙon ƙwaƙwalwa ke bi, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi irin agara. Wannan yana kawo ruɗani sosai a ɗakin aikina. Uwa za ta ce jijiyar ƙafarsa ce ta ɗaure, sai ta ɗauka in an sassauta ta shi ke nan. Alhali asalin abin a kai yake. Wani sashe na ƙwaƙwalwa ya samu rauni tun yaro yana ciki, ko wurin haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. Haihuwar bakwaini kamar ta ɗanki tana cikin manyan dalilai, haka ma doguwar naƙuda da ta sa jariri ya rasa iska, shawara mai tsanani da ba a kula da ita ba, da sanƙarau. Kusan yara 2 cikin kowane 1000 da aka haifa suna da wannan lalura, kuma wajen 8 cikin 10 nasu irin mai sandarewar tsoka ce. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Ba shan inna ba ne, domin shan inna ƙafa takan saki ne ta rame, wannan kuwa ƙagewa take yi.

Abin da ke faruwa shi ne, a lafiyayyen mutum ƙwaƙwalwa tana riƙe da linzamin laka. In aka ja tsoka da sauri, laka takan ba ta umarni ta tsuke, ƙwaƙwalwa kuma ta ce a yi a hankali. Da raunin ya samu, linzamin ya yi sako-sako, sai tsokar ta riƙa tsukewa fiye da kima duk lokacin da aka motsa ta da hanzari. Shi ya sa kika lura in ya yi sauri abin ya fi muni. Tsokar sha-raɓa ce ke ɗaga diddige, ta cikin cinya kuma ita ke harɗe ƙafafu kamar almakashi.

To amma akwai abu na biyu da ke biyo baya, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga shawarar da za ki yanke. Ƙashin yaro yana ƙara tsawo kowace shekara. Tsokar da kullum take a tsuke ba ta iya bin sa, sai ta gajarce, naman cikinta ya yi kanta kamar fatar da aka shanya ba a jeme ba. In aka kai nan, ko yaron yana barci, ko an yi masa allurar barci ta tiyata, ƙafar ba za ta miƙe ba. Wannan gajarcewa ce ta dindindin, ba tsukewar laka ba ce, kuma shokwef ba ta ƙara wa gajeriyar agara tsawo.

Ga yadda muke rarrabewa, za ki iya gwadawa a gida don ki samu haske, ko da yake ba zai maye gurbin duban ƙwararre ba. Ki kwantar da shi rigingine lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan wanka misali. Ki riƙe tafin ƙafarsa, gwiwa a miƙe, ki tura yatsun sama wajen ƙwauri a hankali ƙwarai, kamar kina ƙirga goma. Ki lura da inda ta tsaya. Sannan ki mayar, ki sake turawa da ɗan hanzari ba tare da ƙarfi ba. Za ki ji wani cak, kamar ƙofa ta bugi takalmi. In a hankali ƙafar tana kaiwa har ta yi kusurwa daidai da ƙwauri ko ta wuce, amma da sauri tana cijewa tun da wuri, to tazarar da ke tsakanin nan biyu ita ce filin da shokwef ko allurar Botox mai sassauta tsoka za su iya yin aiki. In kuwa a hankali da sauri duk wuri ɗaya take tsayawa, diddige yana sama, to maganar ta koma ta filasta ko likitan ƙashi. A asibiti wannan gwaji sunansa ma'aunin Tardiyu, muna yin sa da abin auna kusurwa, muna haɗawa da ma'aunin Ashwat mai maki daga 0 zuwa 4.

Ita na'urar

Asalinta ba ta yara ba ce. A 1980 a birnin Munik na Jamus aka fara amfani da igiyar sauti mai bugu don farfasa tsakuwar ƙoda ba tare da yanka ba. Bayan shekaru likitocin ƙashi suka rage ƙarfinta suka fara amfani da ita ga ciwon diddige da kafaɗa da gwiwar hannu, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don ciwon diddige a 2000. Wanda za a yi wa ɗanki ƙarfinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na fasa tsakuwa. Kuma duk da sunan, babu lantarki da ke shiga jikin yaro. Iyaye da yawa in sun ji shok sai su tuna da jan wuta. Bugu ne na matsi, Larabawa suna ce masa maujat tasadumiyya.

Iri biyu ne. Wadda ta fi yawa a mustausafai tana da hannu kamar bindigar wasan yara, iska mai matsi tana harba wani ɗan ƙarfe a cikin bututu ya daki kan da aka ɗora a fata, bugun ya bazu cikin nama zuwa zurfin santimita 3 ko 4. Ɗayar tana tattara bugun a wuri guda mai zurfi, ta fi tsada, ba kuma ko'ina ake samunta ba. Ga sha-raɓar yaro ɗan shekara 6 ta farkon ta wadatar.

Jalsar kanta gajeriya ce. Yaro ya kwanta rub da ciki, a shafa masa man nan mai sanyi irin na hoton ciki, a riƙa yawo da kan na'urar a kan tsokar. Yawanci bugu 1500 zuwa 2000 ake yi wa kowace tsoka, ana buga 5 zuwa 10 a daƙiƙa, wato kamar minti 3 zuwa 7 an gama da tsoka ɗaya. Abin da ya fi firgita yara ƙarar ce, tat-tat-tat kamar ana fasa kwalta a titi daga nesa. Ni nakan fara ɗora ta a tafin hannun uwar, yaron yana kallo, sannan a nasa hannun da mafi ƙarancin ƙarfi. Akwai wata yarinya da ta ƙi yarda sam sai da aka yi wa 'yar tsanarta tukuna, ta tabbatar ba ta yi kuka ba, sannan ta miƙo ƙafa.

Yadda take sassauta tsoka kuwa, masana suna da bayanai fiye da ɗaya kuma ba su tsaya a kan guda ba. Wasu sun fi karkata ga cewa bugun yana laushe kantar da ta taru a cikin naman, ya ƙara gudun jini. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana rage wuraren da saƙon jijiya ke sauka a kan tsoka na ɗan lokaci, daga baya su dawo. Ko wanne ne, duk a ƙafa aikin yake tsayawa. Saƙon da ke saukowa daga sama bai canja ba, shi ya sa taurin ke komowa.

Abin da bincike ya nuna, da inda ya tsaya

Likitoci biyu a Berona ta Italiya, Amelio da Manganotti, su ne suka fi jawo hankali a kan wannan. A 2005 sun gwada a kan manya masu shanyewar ɓarin jiki, a 2010 kuma a kan yara 12 masu tafiya a kan yatsu. Bayan jalsa ɗaya tak taurin ya ragu, idon sawu ya ƙara lanƙwasuwa, tafin ƙafa ya ƙara taka ƙasa, kuma sauƙin ya kai makonni 4. A Sin an gwada a kan yara 'yan shekara 1 zuwa 5, sau ɗaya a mako har wata 3, an ga ƙari a kan gashi shi kaɗai. A 2020 wani bincike a Sifaniya ya kwatanta shokwef da allurar Botox a tsokar sha-raɓa, ya kuma samu cewa allurar ba ta fi ta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke tsoron allura.

Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin waɗannan bincike yara kaɗan ne a cikinsu, bibiyar kuma ba ta cika wuce wata 3 ba. Sun fi auna laushin ƙafa a hannun mai dubawa fiye da abin da ya dame ki, wato ko yaron ya rage faɗuwa a hanyar madarasa. Kowane rukuni kuma da nasa adadin bugu da jalsa, daga 1 zuwa 12. Don haka wanda ya ce miki dole sai 10, lissafin kasuwa ne ya yi. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen jalsa 3 zuwa 5 suka yi, mako-mako, kuma a aikina in ban ga canji a ma'auni ba bayan ta uku, nakan gaya wa iyaye mu tsaya.

Maganar illa

A ƙarfin da ake amfani da shi ga yara, abin da aka saba gani shi ne fata ta yi ja, ɗan zafi lokacin bugun, wani lokaci ƙananan ɗigon taruwar jini da ke ɓacewa cikin kwanaki. Ba a buƙatar allurar barci. Amma akwai wuraren da ba a kusanta: kai, ƙashin baya, ƙirji saboda huhu, wurin da ke da miki ko ƙurji ko ƙari. Ba a yi wa mai ciwon da jini ba ya tsayawa ko mai shan maganin tsinka jini. A yara kuma ana kauce wa bakin ƙashi kusa da gaɓa, inda ƙashin ke tsirowa yana ƙara tsawo, a tsaya a tsakiyar nama. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake so mai aikin ya kasance ya saba da yara, domin hannun da ya saba da diddigen 'yan ƙwallo yakan yi nauyi. In ɗanki yana da sikila ko farfaɗiya, ki faɗa tun kafin a fara. Ni ba na taɓa irin waɗannan yaran sai likitansu ya sa hannu.

Akwai wata illar da ba a rubuta ta a takardar talla. Wasu yaran da taurin nan suke tsayuwa. Tsokarsu ba ta da ƙarfi, sandarewar ce ke zame musu sanda. Na taɓa ganin yaro da aka sassauta masa sha-raɓa sosai a wani wuri, diddige ya sauka, iyaye suka yi murna, sai ga shi yana tafiya a durƙushe, gwiwoyi a lanƙwashe, yana gajiya tun bai kai ƙofar gida ba. Allah ya sa abin na makonni ne, muka samu damar ƙarfafa cinyoyinsa. Tun daga nan ba na tambayar ko ƙafa ta yi laushi kawai, sai in tambayi me ke riƙe da yaron in taurin ya tafi.

Sauran hanyoyin da ke gabanki

Botox ita ce aka fi daɗewa ana yi, hujjarta ta fi yawa, aikinta yana kai wata 3 zuwa 4, amma allura ce cikin tsoka, tana raunana ta, kuma ba a maimaitawa kafin makonni 12. Ƙwayar baklofen tana aiki a jiki duka, takan sa barci da kasala, ta fi dacewa da yaron da taurin ya game masa jiki. In tsoka ta fara gajarcewa, ana yin filasta a jere, wanda a nan suke ce wa jibs: a ɗaure ƙafar, bayan mako a cire a ƙara lanƙwasawa a sake ɗaurewa. Sai jabira ta roba da ake sa wa cikin takalmi don ta riƙe diddige. Tiyatar ƙara tsawon agara da tiyatar laka suna can gaba, ga yaran da aka tantance.

Tun da kin ambaci harɗewar ƙafafu, ina roƙonki ki tambayi likitansa yaushe rabon da a yi masa hoton ƙugu. Tsokar cikin cinya in ta matsa tana iya jan kan ƙashin cinya a hankali ya fara zamewa daga gurbinsa, ba tare da yaro ya yi kuka ba. Haɗarin ya fi yawa ga yaran da ba sa tafiya, amma ko mai tafiya ana so a duba shi. In kuɗin hannu na abu ɗaya ne, hoton ƙugu da jabira mai kyau da ta dace da ƙafarsa suna gaban shokwef a wurina.

Da ɗana ne

Ba zan biya kuɗin jalsa 10 ba, cinikin biri a sama ne. Zan ce a fara duba shi a auna kusurwar idon sawu a hankali da sauri, a rubuta lambobin a ba ni. Zan tambayi wace tsoka za a buga da dalilin zaɓenta. Zan nemi lambar rajistar mai aikin a hukumar Takassusatus Sihhiyya mai yi wa ma'aikatan lafiya rajista a Saudiyya, ana iya tabbatar da ita ta intanet. Sannan in biya na jalsa 3 kaɗai, a sake aunawa. Wurin da ya ƙi yarda da wannan tsari, ko wanda ya ce zai warke ya yi tafiya kamar kowa, ki gode musu ki fito.

Ki kuma sa hanya a lissafi. Makka zuwa Jidda ya haura kilomita 70, kowace jalsa Baban yaro zai rasa rabin yinin aiki, ga mai, ga gajiyar yaro, balle in ya faɗo cikin azumi ko lokacin Hajji. Kafin ku ɗauki hanya, ku leƙa cibiyar Jam'iyyar Yara Masu Nakasa da ke nan Makka, ƙungiyar da aka kafa a Riyad tun 1982, ku ji takardun da suke nema da ayyukan da suke yi. Jami'ar Ummul Ƙura ma tana da sashen ilajul ɗabi'i. Likitan da ke bin ɗanki zai iya tura ku wurin likitan gyaran gaɓoɓi, wanda shi ne ke da hurumin zaɓa tsakanin Botox da filasta da shokwef bayan ya taɓa ƙafar da hannunsa. Ni ban ga yaron ba, duk abin da na faɗa a kan bayaninki na gina shi.

In an yi ɗin kuma ta karɓe shi, makonnin da suka biyo baya su ne na aiki, kuma yawancinsa a hannunki yake. Ƙafar da ta yi laushi za ta fi yarda da jabira, to ya sa ta sa'o'in da aka ce, ko da yana ƙorafin zafi a wannan yanayi namu. Safa ta auduga mai tsawo tana rage gumi da gogar fata. Ya riƙa tashi daga ƙaramar kujera diddige a ƙasa, ya hau matakala da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna ya ɗauko abin wasa, ya yi tafiya da baya, wadda ke tilasta diddige sauka. Ki mayar da shi wasa da 'yan uwansa, domin ɗan shekara 6 ba ya yin tamrin, wato motsa jiki, don an ce yana da amfani. Tausa da man zaitun ko man habbatus sauda da kike yi ba laifi, addu'a kuwa ba a barinta, amma kada ki bari kowa ya ja ƙafar da ƙarfi yana cewa zai miƙar da ita, kada kuma a yi masa kayyu da ƙarfe mai zafi. Na ga tabon wannan a ƙafafun yara fiye da yadda nake so.

Ku zauna da Babansa ku zaɓi abu ɗaya da kuke so ku gani, wanda za a iya ƙirgawa: sau nawa yake faɗuwa a yini, ko zai iya zuwa baƙala, wato shagon unguwa, ya dawo bai nemi a ɗauke shi ba, ko takalmi zai shiga ba a yi kokawa ba. Kafin jalsa ta farko ki ɗauki bidiyonsa da waya, ba takalmi, da gajeren wando, yana tafiya a tsakar ɗaki, sau ɗaya daga gefe sau ɗaya daga gaba. Ki maimaita a wuri ɗaya bayan mako 4, sannan bayan mako 12. Ki tafi da bidiyon ukun wurin likitansa ku kalla tare, daga nan a yanke ko za a sake ko a juya ga filasta.